Shekarar da Aka Rufe Juji

Shekara ashirin da shida Lefteris ya yi yana kula da jujin tsibirin, can bayan dutse. Wan mijin Stamatia ne. Tun da teku ta cinye mijin, shi ke gyara mata rufin ɗaki, shi ke taya ta tsinkar zaitun. Da aka zaɓe ta shugabar majalisar tsibirin kuwa, shi ya yanka ɗan akuya aka yi walima.

A shekararta ta biyu wasu jami'ai suka zo daga Atina, babban birnin ƙasar Girka, suka ce kowane tsibiri ya faɗi da bakinsa yawan sharar da zai daina binnewa. Za a riƙa ware roba da kwalba da gwangwani, jirgin ruwa ya kwashe a kai inda ake sake sarrafa su. Aka yi taro a makarantar firamare. Stamatia ta riga ta ji cewa tsibirin da ke maƙwabtaka da su ya ce kashi sittin cikin ɗari, don haka ta miƙe ta ce su tamanin za su yi, kuma kafin shekara ta zagayo an rufe juji.

Lefteris ya tashi, hularsa a hannu.

“Stamatia, ki ce hamsin, ki bar kusurwa ɗaya a buɗe. Da zafi jirgi na zuwa sau uku a mako, na yarda. To da sanyi fa? Bara kwana nawa muka yi ko garin burodi babu?”

Ta dubi baƙin, ta ga ɗayansu yana rubutu. Sai ta yi murmushi.

“Yaya, ai kowa ya san abin da ke damunka. In an rufe juji, ina za ka riƙa sammako?”

Ɗakin ya kwashe da dariya. Wani masunci mai suna Anargiros ya ce daga baya, “A bar masa buhu ɗaya ya riƙa sansana, kada ciwo ya kama shi.” Lefteris ya sa hularsa, ya zauna har aka tashi.

Da farko abin ya yi kyau. Mata suka koyi wanke gwangwani kafin su zubar, masu gidajen abinci suka ajiye durom uku-uku, aka gina rumfa a bakin tashar jirgi ana ɗaure robobi dami-dami. Aka zuba ƙasa a kan jujin, aka sa wa ƙofarsa kwaɗo. Da kaka Lefteris ya tattara ya koma wurin 'yarsa Froso a Pireyas, kusa da Atina. Ranar da zai tafi Stamatia ba ta raka shi ba, tana can tana nuna wa 'yan jarida sabuwar rumfa. Ta ce a ranta za ta buga masa waya, ba ta buga ba.

A watan Janairu iska ta taso, jirgi ya yi mako biyar bai zo ba. Rumfa ta cika, aka shiga jibge damin a waje ana rufawa da tamfol. Wata safiya igiyar ruwa ta haura bakin tashar ta yi awon gaba da rabinsu. Kwana uku bayan nan Anargiros ya zo ƙofar gidanta ya zazzage komarsa, leda da kwalaben roba suka zubo, kifi bai fi biyar ba.

“Shugaba, ga tamanin ɗinki na kamo miki.”

Awaki biyu suka ci leda suka mutu. Mutanen da suka tafa mata a makaranta su ne suka fara kai shara kwazazzabo a ɓoye, inda ruwan sama ke gangarowa rijiyoyi. Sai a lokacin ta gane yawan kujeru da murhu da kekunan da Lefteris ke tsamowa daga juji yana gyarawa ya ba mutane, ba wanda ya taɓa sa shi.

Da sanyi ya wuce, majalisa ta dawo da abin kashi hamsin da biyar, ta yarda a buɗe kusurwa ɗaya. Amma ba wanda ya san inda za a tona ba tare da ruwa ya shiga ba. Stamatia ta hau jirgi zuwa Pireyas, tafiyar awa tara.

Ta sami Lefteris a bene hawa na huɗu, zaune bakin taga yana kallon motoci. Ya rame. Froso ta kawo kofi ta fita.

“Yaya, maganar da na yi a makaranta…”

“Sha kofinki kafin ya huce.”

Ya jawo takarda ya zana mata dutsen, ya nuna inda ruwa ke bi, da gefen gabas inda ƙasa ke da yumɓu. Ya ce kada su tona fiye da tsayin mutum.

“Ka dawo ka nuna musu da kanka,” in ji ta. “Ko na wata ɗaya.”

“In sauka ina? Na sayar da gidan, wasu Jamusawa ne a ciki.” Ya ninke takardar ya miƙa mata. “Da kin kira ni gefe kin ce ba ki yarda ba, da shi ke nan. A gaban baƙi ne abin ya yi mini nauyi.”

Ya raka ta bakin matakala, ya ce ta gaida kowa, har da Anargiros.

A inda ya zana aka tona, ruwa bai shiga ba. Ƙarshen shekarar suka kai kashi hamsin da bakwai, aka aiko musu da takardar yabo daga Atina. Magatakarda ya tambaye ta ko a karanta wa jama'a a taro, ta ce ya sa a fayil kawai.