Fitilar Birkin Baba Sufana

"Ai 'yarsa ce ta kashe shi," in ji mai shago, tana auna mini sukari. "Ba da gangan ba dai. Birkin da ta sa masa ne ya tsinke."

"Ke kin ga birkin?"

"Haba Malama! Ni me ya haɗa ni da birki? Kowa ya sani."

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a sakandare, ban taɓa samun ɗalibin da ya kai wannan Kowa faɗuwa jarrabawa ba. Na karɓi sukarina na fito.

Baba Sufana maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ranar kwanansa tara da rasuwa. Bakanike ne. Tun da ya bar gyaran motocin mutane ba abin da ya sa a gaba sai wata 'yar ƙaramar mota ƙirar Japan wadda ta girmi duk 'ya'yansa. A bola ya samo ta, kaji na ƙwai a kujerar baya. Shekara shida shi da 'yarsa Auta suna kanta. Suka kankare tsatsa, suka fidda kujeru suka bar ɗaya tal, suka yi mata waldar ƙarafa a ciki kamar keji, suka ɗora wa injinta kafireto biyu don ƙarin gudu, suka rage mata tsayi har cikinta ya kusa shafar ƙasa. Duk ƙarshen wata sai su ja ta zuwa tsohon filin jirgi a bayan gari, inda masu irin wannan ciwon ke taruwa su yi tsere da tsofaffin motocinsu.

A can ya rasu. Motar ta iso kwana ta ƙarshe ba ta juya ba, ta shige tarin tsofaffin tayoyi. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Likita ya rubuta cewa zuciya ce ta tsaya. Unguwa ta ce to, ai firgicin karon ne ya tsayar da ita.

Kwana uku kafin rasuwarsa na leƙa garejinsu kai ƙara.

"Baba Sufana, salansar nan taka ta hana ni jin rediyo."

"Malama, rediyon ne ke hana ki jin salansa. Kasa kunne ki ji yadda take numfashi."

"Shekararka saba'in da ɗaya. Tsaranka suna can inuwa suna gyangyaɗi."

"Shi ya sa suke mutuwa."

Ƙafafun Auta kawai nake gani a ƙarƙashin motar. Suna da wata ƙa'ida ta aiki su biyun: duk notin da ta ɗaure sai ta ɗiga masa farin fenti, shi kuma ya bi baya da sufana ya gwada, in ya gamsu ya ɗiga rawaya a gefe. Ta turo kai waje ta ce, "Baba, na gama birkin. Zo ka duba."

Ya ɗauki gwangwanin fentin rawaya, ya juya shi a hannu, ya mai da murfin ya danne.

"Me zan duba? Hannunki ya fi nawa yanzu."

Auta ta haura talatin, amma sai ta rufe fuska da hannu, ta shafa wa goshinta baƙin mai.

Tun ranar da aka kawo gawarsa ba ta sake shiga garejin ba. Ba ta kuma musa maganar mutane ba, wannan ne ya fi damuna.

Na fara tambaya, na kuwa sha ruɗewa. Mai wanki ya ce taya ce ta fashe. Mai walda ya ce sitiyari ne ya cije. Wata ta rantse mini motar wuta ta kama, alhali ga motar can a gareji an lulluɓe ta da tamfol. Duk wanda na tambaya ko yana wurin, sai ya ce shi dai ba ya nan, amma wanda ya gaya masa yana nan. Da yamma na zauna na rubuta abin da na ji, na ƙirga hanyoyi biyar da mutum ɗaya ya mutu. Har na soma zargin kaina. Wataƙila tsufa ne ya sa nake neman gardama a inda babu ita. Me na sani game da mota? Ko tuƙi ban iya ba.

Washegari na samu wanda yake wurin da gaske. Tela ne a bakin kasuwa, ranar tsere kuma shi ke riƙe tuta a kwana ta ƙarshe.

"Birki ne, Malama," ya ce, allura a bakinsa. "Da idona na gani. Kowace mota in ta doso kwanar nan sai fitilunta na baya su yi ja. Tasa ko ƙyaftawa ba su yi ba."

"A guje take?"

Ya cire allurar. "To, nan ne ni ma abin ya ɗaure mini kai. Tun daga tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya na ji kukan injin ya sauka. Na ce yau tsoho ya ji tsoro. Ta zo ta wuce ni kamar ana tura ta."

"Ka gaya wa iyalinsa haka?"

"Na ce musu fitilar birki ba ta kama ba. Babban ɗan ya ce shi ke nan, ya gane."

Na dawo ina juya maganar a raina. A ƙofar gidan na tarar da babban ɗan, yayan Auta, yana waya. Ma'aikacin ofis ne, tsohon ɗalibina, wanda bai taɓa son motar ba.

"Gobe da safe masu yankan ƙarfe za su zo, Malama," ya ce da ya gama. "A yanka ta gunduwa-gunduwa kowa ya huta."

"In an yanka ta, wa zai san abin da ya faru?"

"An sani ai."

"Kira mini ƙanwarka."

Ta fito da ƙyar. Ta rame, faratanta sun yi fari tas, abin da ban taɓa gani ba.

"Auta, tambaya ɗaya. Wa ke gaya wa fitilar baya cewa an taka birki? Man birkin ne, ko ƙafar direba?"

"Wani ɗan makunni ne a saman abin takawar," ta ce a hankali. "Da an taka yake kunnawa."

"Ko da man ya tsiyaye kaf?"

"Ko da babu ko ɗigo."

"To in fitila ba ta kama ba?"

Ta dube ni, ta dubi yayanta, ta sunkuyar da kai. "Wayoyin ma ni na haɗa, Malama. In na lalata ɗaya zan iya lalata biyu. Kuma Baba bai duba ba."

"Mu duba yanzu."

"Malama, don Allah ki bar tone-tonen nan," in ji yayan.

"Kai, ni na koya maka cewa ba a rubuta sakamako kafin gwaji. Sau biyu ka maimaita ajin, ashe bai shiga ba. Buɗe ƙofar."

Ya buɗe. Muka yaye tamfol. Gaban motar ya ɗan lotse, fitila ɗaya ta fashe, baƙin roba ya goge fentinta ruwan lemo. Hular kwanonsa na kan kujera. Auta ta ɗauke ta ta ajiye a kan teburin aiki, ta ɗaga bonet ta mai da kan batir. Amma ta ce ita ba za ta zauna a kujerar nan ba. Yayan ma ya ce ba shi ba.

Sai ni. Shiga motar nan sai da na naɗe kamar tabarma, na tsallake wani ƙarfe, na buge goshi da wani, na faɗa cikin kujera mai zurfi kamar bokiti. Sitiyari a daidai hancina. Motar tana warin fetur da zufarsa. Su biyun suka koma baya suka tsaya.

"Taka, Malama."

Na laluba da ƙafa, na samu wani abu na danna har ƙasa.

Na waiga.

"Ta kama?"

"Ba ta kama ba," in ji yayan.

Na ji Auta ta yi wani irin numfashi. Da hannuna na jawo yarinyar mutane na tsayar da ita gaban abin da take gudu. Na sake dannawa, na sake, babu komai. Na rasa ta inda zan fara ba ta haƙuri.

Yayan ya leƙo ta taga don ya taimaka mini in fito, sai ya tsaya yana kallon ƙafata.

"Malama, wannan kuloci ne."

"To su nawa ne a nan?"

"Uku. Na tsakiya za ki taka."

Na taka na tsakiya. Wannan da tauri yake, ya ƙi sauka sai kaɗan. A madubi na ga bangon gareji ya yi ja, rigar Auta ta yi ja.

"Saki," ta ce. Na saki. "Sake takawa." Na taka. Sau bakwai ta sa ni, har gwiwata ta soma ƙara.

Daga nan ta durƙusa ta shige ƙarƙashin motar da sufana. Muna jin ƙarar ƙarfe, noti bayan noti. Ta fito ta buɗe gwangwanin man birki ta leƙa. A cike yake.

"A tura ta," ta ce.

"Da ni a ciki?"

"Ki dai riƙe sitiyari a miƙe."

Layinmu yana da ɗan gangare. Ita da yayanta suka tura ni waje, mai wanki ya ajiye guga ya kama musu, mai shago ta fito da ludayin awo a hannu tana tambaya ko lafiya. Motar ta soma gangarawa, gidaje suna wucewa, ni kuwa duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina.

"Taka!" in ji Auta daga baya.

Na runtse ido na taka na tsakiya. Motar ta tsaya cak, gilashina ya faɗo kan cinyata.

Yayan ya zo yana haki, ya dafa rufin motar.

"Ban gane ba," ya ce. "To me ya sa bai tsaya ba?"

Na gaya musu abin da tela ya ji, yadda kukan injin ya sauka tun daga tsakiyar hanya. Auta ta zauna a ƙasa a gefen taya ta baya, ta jingina kai da ƙofar. Yayan ya ciro waya ya dube ta, ya mai da ita aljihu, ya tsuguna kusa da ƙanwarsa. Ni kuma ina nan cikin bokitin, an manta da ni, ƙafata har yanzu a kan birki.

Birkin lafiyarsa ƙalau, fitilar ma haka. Baba Sufana bai taka ba. Zuciyarsa ce ta fara tsayawa, ƙafarsa ta zame daga totur tun a tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya, motar ta ƙarasa kwanar ita kaɗai.