Rijiyar Garbai

Garbai mutum ne mai ƙyanƙyami. In ƙuda ya faɗa masa a kunu, kunun duka yake zubarwa. Yana da garka, wato lambu, a wani kwari kusa da Gure, da dabino da albasa, da rijiyar da yake cewa babu mai daɗin ruwanta a yankin.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, zawo ya kama shi ya ƙi tsayawa. Ya sha kanwa, ya sha saiwoyi, sai ramewa yake. Matarsa Yakura ta matsa masa har ya tafi gidan likita.

Likitan, Abdullahi, ya miƙa masa fankon ashana. "Baba, gobe ka zo mini da bayan gidanka kaɗan a ciki. Ka haɗo da ruwan da kuke sha."

"Da shi zan ratsa kasuwa? Ni?"

"In kana son lafiya."

Kashegari ya zo da fankon naɗe cikin tsumma, yana riƙe da shi nesa da rigarsa. Abdullahi ya ɗan shafa a gilashi, ya sa ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗiga ruwan rijiyar a wani gilashin ya ce, "Zo ka gani da idonka."

Garbai ya sunkuya. Cikin ɗigon nan wasu abubuwa ke yawo, wannan yana mulmulawa, wancan yana kaɗa gashi, wani yana miƙewa yana tattarewa kamar majina. Ya ja da baya, ya fita waje ya yi ta kakarin amai.

"Abin da nake alwala da shi ke nan?"

"Ba duka ke sa cuta ba," in ji Abdullahi. "Wasu ma su ke sa madara ta zama nono. Akwai su a cikinka, suna taya ka narkar da abinci. Amma wannan ruwan akwai ƙazanta a ciki. Ku riƙa tafasawa, a kuma yashe rijiyar."

Da ma likitan bai ambaci nono ba. Garbai ya koma gida da ƙwayoyin magani, Yakura ta dama masa fura, ya dubi ƙwaryar ya ture ta.

"Malam, me furar ta yi?"

"Rai gare ta."

"Fura ce ke da rai?"

"Cike take da su. Ni ma cike nake da su." Ya shafa cikinsa ya yamutsa fuska.

Ya daina shan nono. Ya daina sa hannu a kwano ɗaya da mutane. Shayi kawai yake yarda da shi, sai tuwo in yana tururi. Yakura ta gaji ta ce, "Tun kakanninmu ake shan nono. In ba ka sha ba, ni dai ba zan zubar ba."

Garbai ya kira ƙanenta Ɗan Talata su yashe rijiyar. Ɗan Talata ya sauka da guga, ya yi ta turo laka baƙa mai wari. Can sai ya ɗago murya daga ƙasa.

"Yaya, ja a hankali."

Abin da ya fito ɗan akuya ne, ya kumbura ya yi laushi, gashinsa yana saɓulewa a jikin gugan. Warin ya game kwarin. Garbai ya tuna safiyoyin da yake kurkure baki a nan yana yabon ruwan. Ya durƙusa gindin dabino ya amayar da shayin da ke cikinsa.

Bai bari an gama yasar ba. Ya sa aka cike rijiyar da rairayi, suka haƙa wata can nesa da turken awaki, ya yi mata murfi da itacen goruba.

Zawon ya tsaya. Maƙwabta da suka ji labarin ɗan akuyan suka riƙa tofar da yawu in sun wuce wurin, domin su ma sun sha. Wata tsohuwa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa ba.