Injin da Ke Tatsar Sanyi

Injin ɗumama gida ya mutu ranar Talata da hantsi, Kalbubu na tsakiyar shan shayi. Bai yi ƙara ba, bai yi hayaƙi ba. Shiru kawai ya yi, irin na baƙon da aka ɓata wa rai a gidan mutane. Kafin la'asar, bututun ruwan ɗumi da ke bin bangon ɗakunanta sun yi sanyi kamar hancin kare.

Shekara biyu ke nan da ɗanta Talantbek ya sa aka kafa shi. Likita ne a garin Kochkor ya saurari ƙirjinta ya ce idan ta ƙara hunturu ɗaya tana shaƙar hayaƙin kwal, to kada ta wahalar da kanta da ajiye irin dankali. Aka toshe murhu, aka girke wani farin akwati mai fanka a bayan gida, aka miƙa mata takardar garanti: shekara goma a kan kwamfiresa, wadda aka ce ita ce zuciyar injin. Lokacin tana da saba'in da shida.

"Shi shekara goma," ta ce wa masu kafawa. "Ni fa, wa zai sa hannu a tawa takardar?"

Ba ta taɓa tambayar yadda yake aiki ba. Wuta ce ta lantarki, abin 'yan boko ne, gida ya yi ɗumi, tari ya tafi. Abin da ya dame ta shi ne halin da yake ciki. Yana tsaye a waje dare da rana, dusar ƙanƙara na zuba masa, haƙarƙarinsa na yin fari da ƙanƙara. Can sai ya tsaya da hurawa, ruwa ya riƙa ɗiga daga cikinsa, tururi ya tashi daga bayansa. Kalbubu 'yar makiyaya ce, jikar makiyaya. Ta san abu ɗaya ne a duniya ke tsayawa cikin sanyi yana tururi haka: dokin da ya sha gudu. Kuma ko yaron goye ya san dokin da ya yi gumi cikin sanyi, in ba a rufe shi ba, gobe sai a kira mahauci.

Hunturun farko ta danne zuciyarta. A na biyu ta kasa. Ta zauna makonni tana ɗinka masa shirdak, dardumar ulun tumaki mai kauri, ja da baƙi, da zanen ƙahon rago. Ta auna shi da taƙin hannu, ta bar wa bututu ƙofa, ta rufe shi ruf daga sama har ƙasa, ta ɗaure da igiyar gashin doki. Ko surukarta ba ta samu irin wannan aiki ba ranar aure. Injin bai cika mako a ciki ba.

Talantbek ya iso daga birnin Bishkek washegari da safe. Yana zagayawa bayan gida ya tsaya, ya riƙe kai da hannu biyu.

"Apa!" ya kira ta, wato Inna. "Wa ya yi wannan?"

"Wa kuma ya rage a ƙauyen nan da ya iya irin wannan ɗinki?"

"Kin kashe shi! Kin shaƙe shi!"

"Kai ma haka na shaƙe ka kana jariri, ga ka nan da tumbi."

Bai yi dariya ba. Ya kwance igiyar yana magana cikin sauri. Har yanzu bai gama biyan banki kuɗin injin ba. Garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da mai gida ya yi da hannunsa. Sabuwar kwamfiresa kuwa ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kwal kuma likita ya hana.

"In 'yan kamfanin da suka kafa shi suka ƙi, Apa, sai ki haɗa kayanki. Ɗakin yara na nan a gidana."

Ta san ɗakin. Hawa na tara ne, tagarsa na kallon tagar wasu, mutane sun jeru bisa juna kamar barguna a kan akwati. Kwana huɗu ta taɓa yi a can, ta dawo tana gaishe da kajinta ɗaya bayan ɗaya.

"To me zan ce musu?"

"Kada ki ce komai. Ya mutu da kansa. Injuna na mutuwa."

Ya naɗe shirdak ɗin ya cusa ƙarƙashin katifar zaman baƙi, ya tsince zaren ulu daga jikin injin da farce, da irin natsuwar da bai taɓa nunawa a makaranta ba.

Ma'aikacin kamfanin ya zo da rana, wani mai suna Nurgazi, mutum mai furfura a saje da jan hanci. Aka zaunar da shi a mazaunin baƙi, wato a kan shaidar laifin, ya sha shayi da madara, ya ci soyayyen burodi, ya yabi laushin wurin zama. Talantbek ya ƙware da shayi.

Suka fita bayan gida. Sanyin ranar irin wanda ke manne gashin hanci ne. Duwatsu sun tsaya fes a sararin sama, ko tsuntsu babu. Nurgazi ya buɗe cikin injin, ya maƙala wasu tiyo masu agogo, ya duba, ya tsuke baki.

"Zuciyar ta tafi. Abin mamaki, irin wannan ba ya saurin mutuwa."

"Injuna na mutuwa," in ji Talantbek.

"Haka ne, Baike, babban wana. Mu ma da su muke ci."

Da ya zo zare tiyon, wani abu ya yi tsiit, ɗigon ruwa kaɗan ya zuba a kan dutsen da injin ke zaune, dutsen da ƙanƙara ta lulluɓe. Kalbubu na kallo. Ruwan ya tafasa. Ya yi ƙwai-ƙwai, ya yi tsalle kamar mai a kasko, ya ɓace.

"Tsaya," ta ce. "Me na gani?"

"Ruwan cikinsa ne, Apa. Kada ki taɓa, yana cin fata."

"A kan ƙanƙara ya tafasa."

"E mana. Shi a wurinsa ƙanƙarar nan murhu ce."

Ta dube shi ko wasa yake da tsohuwa. Nurgazi mutum ne da ya shekara yana bayani ga masu gidan da ba sa saurare, don haka da ya samu kunne sai ya saki baki. Ya ce ruwan nan ya fi iskar nan sanyi nesa. Saboda haka idan fanka ta jawo iska ta ratsa haƙarƙarin, ruwan sai ya ƙwace ɗan ɗumin da ke cikinta, zuciyar ta matse shi har ya yi zafi, ta tura cikin gida.

"Wane ɗumi? A wannan iskar?"

"Akwai, Apa. Ko a daren da tumaki ke mutuwa a tsaye, akwai saura. Mu ne ba mu da hannun tatsarsa."

"To wutar lantarkin fa?"

"Ladan mai tatsa ce kawai. Nonon daga iska yake."

Kalbubu ta ɗaga kai ta dubi duwatsun. Shekara saba'in da takwas tana gaba da wannan sanyi. Ya ci mata 'yan raguna ba adadi, ya ci yatsun ƙafar mijinta biyu, ya bi ta har cikin ƙirji. Ta ɗauka ta san shi ciki da waje, kamar yadda ake sanin mugun maƙwabci. Ashe duk tsawon zamanin nan yana ɗauke da ɗumi a cikinsa, ɓoye, kamar goɗiyar da ta hana nono. Ashe Ubangiji bai yi ko iskar hunturu fanko ba. Kuma hunturu biyu ke nan tana kwana cikin ɗumin da aka tatso daga bakin maƙiyinta, ba ta ko sani ba balle ta gode.

"Tururin da yake yi fa?" ta tambaya a hankali. "Ba gumi ba ne?"

Nurgazi ya yi dariya. "Ƙanƙarar jikinsa yake narkarwa don iska ta samu hanya. Abu ɗaya yake roƙo a duniya, a bar masa iska."

Talantbek ya soma magana a kan hanyar Bishkek da yadda ta lalace. Uwar ba ta ji shi ba. Tana kallon farin akwatin da cikinsa ke buɗe, tana tuna kwanakin da ya yi a cikin ulu yana jan numfashin da babu, bai fasa aiki ba har zuciyarsa ta tsaya. Yanzu kuma za a rubuta a takarda cewa shi ne ya gaza.

"Ni na rufe shi," ta ce.

"Apa!"

Nurgazi ya duƙa cikin jakar kayan aikinsa. "Iskar nan ta toshe mini kunne. Ban ji komai ba."

"Na ce ni na rufe shi!" Ta ɗaga murya yadda ake kiran garke daga tsallaken kwari. "Da shirdak! Kana zaune a kansa ɗazu!"

Kare ya yi haushi a gidan maƙwabta. Wata taga ta buɗe.

Nurgazi ya miƙe yana sosa ƙeya. "Apa, da kin bari na rubuta ya mutu da kansa. Yanzu rabin ƙauye sun ji, ni kuma ina da 'ya'ya."

"Rubuta gaskiya, balam, ɗana. Ban taɓa yi wa dabbar da ta ciyar da ni ƙazafi ba."

"Ba dabba ba ce!" Talantbek ya fashe. "Inji ne! Ƙarfe ne da waya! Kin san abin da kika yi? Kin sayar da gidanki don kare mutuncin firiji!"

Ta juya ta nufi garke, suka bi ta don ba su san abin da za su yi ba. A ciki goɗiyarta ke tsaye, ja mai ƙiba, gashinta na sheƙi. Shekara da shekaru ana ba ta sha'ir ba ta aikin komai, domin aikinta ɗaya ne kuma yana gaba: ita za a yanka wa masu ta'aziyya ranar da Kalbubu ta cika. Kowa a ƙasarsu ya san gidan da ya binne uwa bai yanka doki ba, har jikoki ana yi musu gori.

"Wannan za ta sayi zuciya?" ta tambayi Nurgazi.

Ya zagaya goɗiyar, ya shafa gadon bayanta, da alama shi ma ba a birni aka haife shi ba. "Har da canji."

"Ba zai yiwu ba," in ji Talantbek. Muryarsa ta sauka. "Me mutane za su ce ranar... ranar da..."

"Ranar da na mutu. Faɗi mana, ba zagi ba ne. Su ci tunkiya."

"Ni za a zaga, Apa, ba ke ba."

"To ka ga kana da shekara goma ka tara na wata. Ko sabuwar zuciyar ba ta da garanti?"

"Biyu," in ji Nurgazi. "Ta gyara biyu ce."

"To ka yi sauri," ta ce wa ɗanta.

Ranar kasuwa Talantbek ya ja goɗiyar zuwa Kochkor, fuskarsa kamar shi za a sayar. Kalbubu ta farke ɗinkin shirdak ɗin ta shimfiɗa mata a baya, don tafiyar da nisa kuma za ta yi gumi. Ta ƙarasa makon a ɗaki ɗaya da ƙaramar hitar lantarki, cikin riguna uku.

Da Nurgazi ya dawo ya sa sabuwar zuciyar, fanka ta juya, sai ya kama hannunta ya kai gaban injin. Iskar da ke fitowa ta fi ta gari sanyi, sanyin da ba ta taɓa jin irinsa ba, wanda aka tatse tas. Ta bar hannun a wurin har yatsun suka daina jin komai. Sannan ta shiga ciki ta ɗora su a kan bututu, abin da aka cire daga iskar ya dawo mata cikin tafin hannu.

Ta sake fita. Ta sake shiga. Nurgazi ya gama haɗa kayansa, ya sha shayi, ya yi sallama, ita tana ta kai da kawo tsakanin ciki da wajen bango ɗaya.

Wajen la'asar injin ya tsaya da hurawa, ruwa ya soma ɗiga, tururi ya tashi daga bayansa ya miƙe sama cikin hasken rana. Hannunta ya kai ga mayafin kafaɗarta da kansa. Ta mayar da shi, ta harɗe hannuwan a baya, ta tsaya tana kallo.