Matakin da Ya Cinye Shirun Baba

Ranar da manhajata ta sauko ƙasa da megabait ashirin, guɗa na rangaɗa ni kaɗai a ɗaki, har Inna ta leƙo tana tambaya ko miji na samu. Na ce mata abin da na samu ya fi miji, ta ja tsaki ta koma wajen tukunyarta.

Sunana Zinnira. Mahaifina Malam Datti ya yi shekara talatin da ɗaya yana malamin dabbobi, kuma babu garken da bai sani ba daga Kabo zuwa Masanawa, har bakin Gwarzo. Ciwon gwiwa ne ya zaunar da shi, shekara uku ke nan rabonsa da hawa babur. Abin yana cin sa, ko da yake ba ya faɗi. Shi ya sa da na gama karatun kwamfuta a Kano na dawo gida, na zaunar da shi a zaure na naɗi muryarsa yana bayani a kan cututtukan dabbobi: boru, kirci, kumburin ciki, da abin da mai dabba zai yi kafin likita ya iso. Bayani ɗari da arba'in da uku muka naɗa. Ka taɓa hoton saniya mai dalalar da miyau, ka ji Baba yana magana, ba sai ka iya karatu ba, ba sai kana da data ba.

Sai dai muryar ta yi nauyi. Megabait ɗari biyu da wani abu, alhali wayoyin mutanenmu a cike suke da wa'azi da hotunan biki.

A nan na shiga gyaran tsarin da ke haɗa manhajar. Ita manhaja ba haka kawai take fitowa ba, mataki-mataki ake bi, kamar yadda dawa ke bi ta surfe da niƙa da tankaɗe kafin ta zama tuwo. Tsarin yana zuwa da matakansa, amma yana ba ka dama ka ƙara naka: ka raɗa masa suna, ka faɗi abin da zai shiga, da aikin da za a yi masa, da abin da zai fito. Na ƙara guda biyu. Ɗaya yana matse murya ta rage nauyi. Ɗayan kuwa, wanda na fi alfahari da shi, na sa masa suna "yanke-shiru": duk inda Baba ya yi shiru fiye da rabin daƙiƙa, a datse a jefar. Baba akwai yawan tsayawa a magana, ni kuma na ɗauka tsufa ne kawai.

Na danna, na zuba ido. Goma sha tara! Don ɗoki ko saurarawa ban tsaya yi da kyau ba, na dai ji muryar tana fita tar, na ce shi ke nan.

Saura abu ɗaya, wato Alhaji Ja'afar na Gammo, shugaban ƙungiyar masu dabbobi kuma tsohon aminin Baba. In ya ce a sa manhajar a waya, kowa zai sa. In ya kau da kai, to aikina na wata takwas ya tafi a banza, muryar Baba kuma ta ci gaba da zama a zaure. Ga damina ta matso, lokacin da cuta ke yi wa dabbobi rubdugu.

Da hantsi na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, da dattawa kusan goma a kan tabarmi. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwar da ta kai har kan kajin gidanmu. Sannan na miƙa masa wayata ina ta murmushi kamar wadda ta ci gasa.

"Baba Alhaji, taɓa nan."

Ya taɓa. Muryar Baba ta ɓarke:

"Salamu alaikum ina kwananku yaya gida yaya iyali yaya garke yaya zafi to madalla yau za mu yi magana a kan boru..."

A numfashi ɗaya! Na ga Alhaji ya buɗe baki zai amsa sallama, kafin ya kai "wa alaikum" Baba ya riga ya wuce iyali ya kai garke. Ya rufe bakinsa a hankali. Ya kife wayar a kan tabarma.

"'Yar Malam," ya ce, "wani laifi muka yi wa mahaifinki?"

"Laifi kuma, Baba Alhaji?"

"Datti bai taɓa tambayata iyali ya wuce bai ji amsa ba. Wannan ai gaisuwar mai gudun kada a roƙe shi ce. Ki ce masa in fushi yake don ba mu je dubiya a kai a kai ba, ya yi haƙuri. Amma ba zan ce wa mutane su sa wanda ba ya tsayawa a amsa masa ba."

Kunya ta rufe ni. Sai yanzu na tuna yadda Baba yake yi a zaure: ya ce "yaya gida", ya yi shiru yana gyaɗa kai, sannan ya ci gaba. Ashe ba gajiya ba ce, gurbi yake bar wa mai amsawa. Ni kuma da wayona na rubuta matakin da ya bi fayil ɗari da arba'in da uku ya cinye gurbin kaf. Garin neman gira na rasa ido.

Amma kafin kunyar ta gama sauka, wani daɗi ya taso min, don na tuna matakin ba ya taɓa ainihin abin da muka naɗa, kwafi yake yi wa aiki. Shirun Baba yana nan lafiya lau a cikin kwamfutata!

"Baba Alhaji, laifina ne, ba nasa ba. A ba ni minti goma."

Na zaro kwamfuta daga jaka na ɗora a cinya, caji saura kashi goma sha huɗu. Na buɗe inda na rubuta "yanke-shiru", na ƙara masa sharaɗi guda: kada ya kuskura ya taɓa minti ɗaya na farkon kowane fayil. Na danna. Tsarin ya gane matakin ya canja, ya kama sake aikin daga nan, lambar fayilolin da ya gama tana ta hawa. Dattawa suka kewaye ni suna leƙe. Wani ya tambaya ko injin markaɗe ne a ciki, da ya ji fankar kwamfutar tana huci.

"Saba'in!" na faɗa da ƙarfi, na manta a gaban manya nake. "Casa'in da biyu!"

Fargabata ɗaya, kada nauyin ya koma sama. Caji na kashi shida aikin ya kammala. Na duba: sha tara da ɗigo bakwai. Ashe shirun da na yi ta yaƙi da shi ko megabait ɗaya bai kai ba. Na tura a waya, na miƙa da hannu biyu.

Alhaji ya taɓa, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Salamu alaikum."

Shiru.

"Wa alaikumus salam," in ji Alhaji, a ɗan ɗarare.

"Ina kwananku?"

"Lafiya lau!" Wannan karon su uku suka amsa.

"Yaya gida? ... Yaya iyali?"

Kafin a kai nan duk tabarmar ta ɗauka, ana amsawa ana dariya, wani har da "ya ƙafar, Malam?" Ni kuwa ina dariya hawaye yana zuba, na kasa tsayar da ko ɗaya. Wayoyi suka fara fitowa daga aljihu, wata an ɗaure ta da roba, wata fuskarta a tsage, kowa yana cewa a fara da tasa.

"Yaya garke?" in ji muryar Baba.

Alhaji ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya fara cewa, "To, Datti, garke dai bana..." sai muryar ta ci gaba, ya tsaya. Sannan ya laluba aljihun babbar rigarsa ya ciro tasa, ya sa min a hannu a kan na kowa.

"Zuba min shi, 'yar Malam, kuma gobe a kai Masanawa. Amma ki koma wajen injin nan naki, ki ƙara shirun da ke bayan 'yaya garke'. Shanu bakwai na rasa tun da ya daina zuwa, ban samu wanda zan faɗa wa ba. Amsar tana da tsawo."