Hannun Ninong Doming

Tun a ofis, a Manila babban birnin ƙasar, Teryo ya gane ɗakin. Marivic, shugabar sashen talla ta ma'aikatarsa, ita ta ajiye masa hoton a kan tebur. Ta ce cikin gidaje talatin da biyu na bakin tekun Lawis wannan ya fi kyau, shi za a bari na ƙarshe. Teryo ya dubi tagar da aka tokare da sanda, ya dubi matakalar gora mai hawa huɗu, na ukun a karkace. A kan na ukun ya fasa haɓa yana ɗan shekara shida. Ya ce, "Ya yi." Ya sa hannu.

Yau ga shi a Lawis da hantsi, cikin farar barong, rigar manya mai shara-shara, takalminsa yana nutsewa a yashi. Sauran gidajen an riga an warware su, motoci sun kwashe zuwa kan tudu. Otal za a gina a wurin. Ɗaki ɗaya ya rage, an zura masa manyan gora ta ƙarƙashi, tsaye da gicciye, an ɗaure tam. Maza wajen arba'in suna tsaye, kowa da sabuwar riga ruwan ɗorawa da ma'aikatar ta raba. Za su ɗauke shi a kafaɗa yadda aka saba a ƙauyukansu in mutum zai sauya wurin zama, a ɗauki hoto, a nuna wa duniya yadda mutanen ƙasar nan ke taimakon juna.

Mai ɗakin yana zaune a kan kifaffen kwale-kwale. Ninong Doming ke nan, Ninong kuwa ubangidan baftisma ake nufi. Shi ya riƙe Teryo a coci ranar baftisma, shi ya zame masa uba bayan teku ya cinye mahaifinsa.

Da Teryo ya so, da ya aiko mataimakinsa. Abu ɗaya ya kawo shi. Yana so ya kama hannun tsohon ya ɗora a goshinsa, yadda ƙarami ke gai da babba, ya ji ya ce masa Allah Ya yi maka albarka. Duk lokacin da ya hau wata kujera sai ya zo ya ji wannan kalma. Ya ji ta ranar da ya zama lauya, ya ji ta sau uku da aka zaɓe shi magajin gari, ya ji ta da zai tafi majalisa. Tun da ya zama ministan yawon buɗe ido bai zo ba.

Ya sunkuya, ya miƙa hannu. "Ninong."

Tsohon ya riga shi. Ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kama hannun Teryo da hannu biyu, ya duƙa ya ɗora a nasa goshin.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

Mutum mai shekara tamanin da ɗaya, a gaban gari, ya gai da ɗan da ya goya irin gaisuwar da jika ke yi wa kaka. Teryo ya ji goshin a bayan hannunsa, da zafi, da gumi. Ya so ya fizge, ya ga fizgewar ta fi muni. Ya tsaya a haka har tsohon ya sake shi don kansa.

"Ninong, me ke nan?"

"Ni na san me ke nan? An ce babba ake gaisarwa haka."

Wani ya yi dariya a cikin masu rigar ɗorawa. Berting ne, wanda suka yi firamare benci ɗaya da Teryo, yanzu ya yi furfura, haƙoran gaba biyu babu.

"Lauya! Ka sa masa albarka mana. Tsoho yana jira."

Teryo ya yi murmushin da yake yi wa 'yan jarida.

Shekara ashirin da shida da suka wuce, wani mai gonakin rake ya ce bakin tekun nan nasa ne, masunta su tashi. Teryo bai daɗe da gama karatu ba, riga ɗaya gare shi ta shiga kotu. Ya tsaya musu. Hujjarsa ita ce bakin teku na gwamnati ne, ba na mai rake ba, masunta suna da ikon zama har ranar da gwamnati za ta buƙaci wurin. Da wannan ya yi nasara. Ranar a kafaɗa suka ɗauko shi tun daga bakin kotu har Lawis, Berting yana riƙe da ƙafarsa ta hagu. Da masu otal suka zo ofishinsa bara, lauyoyinsu sun yi wata biyu suna neman ta inda za su ɓullo wa hukuncin. Teryo bai nemi komai ba. Ya buɗe musu shafin, ya sa yatsa a kan layin da ya ba gwamnati ikon karɓar wurin. Daga hujjar da shi ya rubuta alƙali ya ɗauko shi.

Marivic ta tafa hannu. "Jama'a, rana tana yi. Kowa ya kama wurinsa."

Maza suka shiga ƙarƙashin gora. Berting ya ƙirga, ɗaya, biyu, a na uku ɗakin ya tashi daga turakansa, jinkar tana rawa. Suka fara tafiya. Babu mai magana. Ba ka jin komai sai nishi da kukan gora.

"Tsaya, tsaya!" Marivic ta sha gabansu. "Kamar masu kai gawa? Ai ana waƙa, ana ihu. A bidiyon da na gani har da rawa."

"Madam," in ji Berting daga ƙarƙashin gorarsa, "wancan mai ɗakin ne ya ce yana son tashi."

"To ku koma baya kaɗan mu sake."

"Ɗakin da ya tashi ba ya komawa. Tambayi ministanki, ɗan nan ne. Ko ya manta?"

Marivic ta juyo ta dubi Teryo. Su ma suka dube shi, mutum arba'in da ɗaki a wuya. Bai manta ba. Shekarar da guguwa ta ci rabin Lawis, iyayen waɗannan ne suka ɗauki ɗakin uwarsa suka matsar da shi daga bakin ruwa, Ninong Doming a gaba yana ba da waƙa, shi kuma yana bin su a guje da tukunya a ka.

"A ci gaba," ya ce. "Ba sai an sake ba."

Sai ya kama maɓallan barong ɗinsa. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ya tuɓe ta ya miƙa wa direba, ya cire takalmi, ya rage daga shi sai singileti. Ya shiga layin gaba, tsakanin Berting da wani ƙato da bai sani ba, ya sa kafaɗa.

"Kai, wannan ya yi!" Muryar Marivic har rawa take. "Ranka ya daɗe, wannan shi ne tallan gaba ɗaya. Ku matso da kyamara, ku ɗauki fuskarsa!"

Teryo ya sunkuyar da kai. Bai yi tunanin kyamara ba. Ko ya yi? Shakkar nan ta fi komai cin ransa.

Suka bar yashi suka hau hanyar tudu. Ya yi taku ashirin kafin ya lura. Gorar tana taɓa kafaɗarsa, amma babu nauyi. Ya ɗaga kafaɗa don ya tare ta, ta ƙara yin sama. Berting da ƙaton sun ɗage nasu kafaɗun, suna tafiya a kan yatsun ƙafa, jijiyoyin wuyansu a waje, sun raba rabonsa a tsakaninsu.

"Berting, sauke mini."

"A'a, mutumina. Kar ka ɓata fata."

"Na ce ka sauke."

"In ka ji ciwo wa zai sa hannu a takardu?" Berting yana haki, bai dube shi ba. "Ka yi tafiyarka kawai. Ka ɗan ɓata fuska, madam tana ɗauka."

Haka suka hau. Fiye da awa guda yana tafiya a ƙarƙashin ɗakin ubangidansa, hannu a kan gora, kafaɗa fayau, masu kyamara suna ja da baya a gabansa. Mata a bakin hanya suna kallo. Ya san da yawansu, wasu shi ya ɗaura musu aure a ofishin magajin gari. Ba wadda ta kira sunansa. Gumin da ya jiƙa shi na rana ne kawai.

A kan tudu an kafa sababbin turaka a wani fili mai jar ƙasa, a jere da sauran gidajen. Aka sauke ɗakin, ya zauna daidai. Daga nan ana hango teku can ƙasa, siriri. Tafiyar minti arba'in ce ga mai ƙafa lafiya, ba ɗauke da koma ba.

Ma'aikatar ta kawo abinci a kwalaye, kaza da taliya, an jera a bayan mota. Ba wanda ya je wajen. Wanda aka ɗaukar wa ɗaki shi ke ciyar da masu ɗauka, kuma Ninang Saling, matar tsohon, tun jiya ta hau tudu da tukwanenta. An shimfiɗa ganyen ayaba a kan dogon benci, an zube shinkafa mai tururi, da soyayyen busasshen kifi, da tumatir da ruwan tsami. Maza suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka sa hannu.

Teryo ya matsa zai shiga tsakaninsu. Ninang Saling ta tare shi da kujerar roba.

"Zauna nan, ranka ya daɗe."

"Ninang, ni ne fa. Teryo."

"Na sani. Idona bai mutu ba tukuna." Ta goge kujerar da gefen zanenta. Ta kawo masa farantin tangaran, wanda take ajiye wa limamin coci, da cokali da cokali mai yatsu a naɗe cikin tsumma mai tsabta. "Ka rame. Ba sa ba ka abinci a can?"

Ya zauna shi kaɗai da faranti a cinya. Kifin irin wanda ya tashi da shi ne, ita ta shanya shi da hannunta. Ya juya shi da cokali, bai ci ba. Ta bayansa yana jin Berting yana ba da labarin wani abu, ana dariya ƙasa-ƙasa, irin dariyar da ake yi in akwai baƙo kusa.

Marivic ta zo ta ce jirginsu na ƙarfe uku ne. Ya ce ta jira a mota.

Ninong Doming yana zaune a kan matakalar ɗakinsa, hawa na biyu, koma a kan gwiwa, yana ɗinke inda ta yage. Teryo ya ajiye farantin ya je ya tsaya a gabansa, ba takalmi, jar ƙasa har idon sawu.

"Ninong, za a kawo ruwan famfo nan. Da makaranta. Yaran nan za su sami aiki a otal ɗin."

"An faɗa mana."

"Guguwa ma ba za ta same ku a nan ba."

"Haka ne. Kifi ma haka."

Teryo ya dubi matakalar. Ya iya magana, da ita ya ci abinci kusan shekara talatin, a kotu da dandali da gaban shugabanni. Ya laluba, bai sami ko ɗaya da zai iya faɗa a gaban wannan matakala ba.

"Ni na nuna musu layin," ya ce. "A takardar hukuncin. Ba su gan shi ba, ni na nuna musu."

Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya ja zare ya ɗaure, ya cije ragowar da haƙori.

"Mun sani. Wa zai gan shi in ba kai ba? Kullum kai ne mai kai a cikinku."

Teryo ya durƙusa a ƙasa. Hirar da ake yi a benci ta tsaya. Ya miƙa hannu biyu.

"Ninong. Don Allah."

Tsohon ya dube shi, ya daɗe. Sannan ya ajiye allurar, ya goge tafinsa a wando, ya miƙo. Bai hana ba. Teryo ya kama hannun, mai kaushi, mai ƙarnin kifi, ya ɗora a goshinsa ya rufe ido. Ya jira. Yana jin iska a jinka, yana jin motar tana aiki a bakin hanya. Ya ƙara jira.

"Ka gaida mutanen Manila," in ji Ninong Doming. Ya zare hannunsa a hankali, ya ɗauki allura.

Teryo ya tashi. Direba yana tsaye da barong a hannu, ya riƙe ta ta kafaɗu don kada ta yamutse. Ya sa ta a kan singiletin, ya ɓalla maɓallan har wuya. A mota Marivic ta miƙo masa waya ya ga hoton: ga shi a gaba, fuska a murtuke, ɗaki a kafaɗa.

"Kamar da gaske," ta ce. "Kafaɗar ba ta yi ciwo ba?"

Ya taɓa wurin ta cikin riga. Ko ja bai yi ba.