Abin da Yaya Ya Rubuta a Kan Barci

Yayana mutum ne mai kafiya, tun muna yara haka yake. Malamin makaranta ne, in ya tashi aiki ba shi da wata hira sai gyaran kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa wa hannu. Dokarsu ita ce ba ka rubuta komai sai ka nuna littafin da ka samo shi.

Lokacin da mota ta buge autarsa, matarsa tana wata ƙasa wajen karatu. Yarinya na kwance a asibiti ba ta san inda kanta yake ba, amma kullum uwar ta bugo sai ya ce, "Da sauƙi, barci take yi." Ya hana kowa ya faɗa mata gaskiya. Ni kuwa abin yana cina, don tafiyar uwar zuwa gida ba ta yini ɗaya ba ce.

"Yaya, ka ji tsoron Allah ka kira matar nan ta taho."

"Rabu da ni. In Auta ta farka ta gaya mata da bakinta."

Wai hujjarsa ita ce na'urar da aka jona wa yarinyar a ka. Tana zana layuka manya masu tafiya a hankali, shi kuma ya taɓa karanta cewa haka ƙwaƙwalwa ke yi a barci mai nauyi. Likita ya yi bayanin cewa doguwar suma ce ba barci ba har ya gaji, Yaya bai ji ko ɗaya ba.

Sai ma ya buɗe maƙalar barci a kundin, ya ce guntuwa ce, shi zai gyara ta. Ya aro littattafai, ya zauna a bencin barandar asibitin da kwamfuta a cinya. Raina ya ɓaci sosai.

"'Yarka na kwance rai a hannun Allah, kai kana yi wa duniya aikin sa kai! Haba!"

Ko ɗagowa bai yi ba.

Al'adarsa ce ya karanta kowace jimla a fili kafin ya adana ta. Wata rana da hantsi ina gefensa na ji yana karantawa: "Ƙwaƙwalwar mai barci ba ta zama a hali guda. Layukan suna canjawa daga mataki zuwa mataki, kuma in aka yi ƙara ko aka kira sunansa sukan motsa, ko da bai farka ba."

Ya duba littafin, ya sake duba abin da ya rubuta. Sannan ya miƙe ya shiga ɗakin da Auta take kwance, na bi shi.

Ya sunkuya daidai kunnenta, idonsa a kan na'urar. "Auta." Ya ɗaga murya. "Auta, Babanki ne!" Ya tafa hannu da ƙarfi har nas ta leƙo. Layukan suna ta tafiyarsu yadda suke, ko gezau. Wallahi na so in yi masa masifa, sai tausayinsa ya hana ni.

Ya ciro waya ya kira matarsa. Bugu ɗaya matar ta ɗauka, ina jin muryarta da fara'a: "Ta tashi? Ba ni ita."

"Ki nemi jirgi yau," in ji shi.

Can ta ce, a hankali, "Tun yaushe take haka?"

Yaya ya juyo gare ni. Ya miƙo min wayar.