Na'urar Baba Ta Kowa Ce

Likitar da ke ba su bita ta ɗaga 'yar allurar huda yatsa, irin ta gwajin suga, ta ce jinin da ido ma ba ya gani ya isa ya kai ciwon hanta daga wannan jiki zuwa wancan. Don haka duk mai suga da ya shigo asibiti, ko ciwon kai ya kawo shi, a yi masa zancen rigakafi.

Sauran ma'aikatan jinya suna ta gyaɗa kai, rabinsu hankali na kan abincin rana. Auta kuwa hankalinta gida ya tafi. Da hannunta ta saya wa Babanta na'urar gwajin suga. Shi kuma Baba, mutumin da ko tsinken sakace ya samu sai ya raba biyu, ya mai da bencin ƙofar gida asibiti. Kowace safiya abokansa 'yan ritaya za su jeru, ya bi su yana huda musu yatsa da allura guda, ya goge ta a gefen riga. Har Likita suke ce masa. Ga shi Tela, na farkon layi kullum, yana kwance tun watan jiya, idanu sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura.

Ko ta kan abincin ba ta bi ba. Ta nufi gida, ta tarar da Baba yana jin rediyo, ta tasa shi gaba sai asibiti. Duk hanya mita yake yi, wai shi lafiyarsa ƙalau, wai 'yar da ya rena ce yau take jan sa kamar akuya. Sai da aka ɗebi jini suka zauna jira ta faɗa masa dalili, nan take mitar ta mutu.

"Auta," ya ce can ƙasa-ƙasa, "ni na sa wa Tela?"

"Mu jira tukuna, Baba."

Da mai gwaji ya leƙo ya ce babu komai, ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Baba ya shafa fuska, ya yi ta hamdala. Da aka zo yi masa allurar rigakafi ta farko, babban Likitan unguwa ya runtse ido gam, ya damƙe mata hannu. Ta ce saura biyu, ya harare ta ya fice.

Ana shirin tashi daga aiki ta ji hayaniya a baranda. Baba ne tsaye, ya kwaso abokan nasa kaf, yana jera su a kan benci yadda ya saba, kowa ya naɗe hannun riga.

"Kowa da allurarsa sabuwa, ko? Zan tsaya in gani da idona."

Ta sa safar hannu ta kira na farko. Direba, mai bin Tela a layi, shi ne ya miƙe daga wuri na biyu. Bakin bencin, wurin Tela, ba wanda ya zauna.